Kundin 'Yan Boma na Unguwarmu: Inda Aka Kwana

16 ga Agusta, 2025

Jiya Juma'a aka cika shekara 80 cif da ranar da Japan ta sanar da miƙa wuya, Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, ya zo ƙarshe. A rediyo na ji, ana ba da labarin taron da aka yi a Ingila. Na fito ƙofar gida na dubi layinmu, nan Tudun Wadan Zariya, na ƙirga gidaje huɗu da tun ina yaro ake ce musu gidan tsohon soja, namu na biyar. Kowa na harkarsa. Ni ma da ban kunna rediyon ba, da ranar ta wuce ni.

Kakana na wajen uba ya je Boma, wato ƙasar Burma, a wannan yaƙi. Ya rasu ina aji uku na firamare, kuma abu ɗaya na riƙe game da shi: duk lokacin da jirgin sama ya gifta sai ya ɗaga kai ya bi shi da kallo har ya ɓace, wani lokaci ya ce, "Abinci ya iso." Mu yara sai mu yi ta dariya. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake nufi.

Yau da la'asar mun zauna a shagon abokina tela, ni da shi da tsofaffin ɗalibaina biyu, mace da namiji. Mun yanke shawarar bin unguwa gida-gida mu rubuta duk wanda ya tafi wannan yaƙi: sunansa na yanka, sunan mahaifinsa, gidan da ya fito, sana'ar da ya kama bayan ya dawo, da inda aka binne shi in an sani. Muna so a karanta sunayen a bainar jama'a ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

30 ga Agusta

Mai Unguwa ya amince, ya kuma sa an yi sanarwa bayan sallar Magariba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada mu karɓi kayan kowa mu tafi da shi. Mu ɗauki hoto a gaban mai shi, mu mayar.

Gida na farko da muka shiga, wani dattijo ya ce mahaifinsa ya yi shekara uku a Bama. Ɗalibina har ya rubuta "Jihar Borno" kafin na riƙe masa hannu. Tsofaffi wasu Boma suke cewa, wasu Bama, duk ƙasar Burma suke nufi, wadda yanzu ake kira Myanmar, can gabas da Indiya. Mun tsayar da Boma a kundin, don shi ya fi yawa a bakin mutanenmu.

13 ga Satumba

Yau Gwaggo ta buɗe akwatin ƙarfen Kaka. Sai da na yi zuwa uku kafin ta yarda. Ta ce tun rasuwarsa ba ta buɗe shi don kowa ba, ko mahaifina bai ga cikinsa ba.

"Ɗan nan, in ka gani ka mayar yadda ka same shi."

"To, Gwaggo, in sha Allahu."

A ciki akwai lambobin yabo nannaɗe cikin tsumma. Ɗaya tauraro ne mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Ita ce lambar da aka ba waɗanda suka yi yaƙi a Boma. Na juya bayanta ina neman sunansa, na tarar wayam, ba ko harafi ɗaya. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda na zata.

Sai kuma wani ɗan ƙyalle rawaya da aka saƙa baƙin gizo a jikinsa. Gwaggo ta ɗauka laya ce. Alamar Runduna ta 81 ce ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Najeriya a watan Maris na 1943 ƙarƙashin Janar Woolner. Daga tatsuniyar Asantawa aka ɗauko gizon, wanda su ke kira Ananse, mai kayar da manyan dabbobi da wayo. Da na gaya wa Gwaggo haka sai ta yi murmushi ta ce ashe Gizon Ƙoƙi ne ya raka su. Gaskiyarta, domin duk Bahaushen da ya ɗaura wannan alama a kafaɗa ba ya bukatar a yi masa bayanin ko wane ne Gizo.

Wannan runduna ta tashi daga Ikko a jirgin ruwa, ta zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, ta sauka a Bombay cikin 1943. A farkon 1944 aka tura ta kwarin kogin Kaladan, a yankin Arakan na yammacin Boma, ƙasar duwatsu da ƙungurmin dajin gora inda babu titi. Da adda da diga suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon kusan mil 75 don su shiga. Daga nan kuma duk abin da za su ci da harsasan da za su harba ta sama ake jefo musu da lema. Ina cikin yi wa Gwaggo wannan bayani na tsaya cak. Abinci ya iso. Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da maganar nan a matsayin zancen tsufa, ashe mutum ne da ya yi watanni a daji, rayuwarsa na rataye da ƙugin jirgi.

Mun yi shiru ni da ita har aka kira sallah.

4 ga Oktoba

Sunaye 14 ke hannu. Amma mun ci karo da babbar matsala, kuma ina ganin ita ce za ta fi cin lokacinmu.

Lokacin da ake ɗaukar kurata, magatakardan soja ba ya rubuta sunan uba. Sai ya rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari: wane Kano, wane Zariya, wane Sakkwato, wane Katsina. Wani ma garin da aka ɗauke shi ake sa masa, ba garin haihuwarsa ba. Wani kuma da gangan ya ba da sunan da ba nasa ba, don kada labari ya kai gida. Ɗalibata ta shiga shafin intanet na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashe renon Ingila, ta rubuta suna ɗaya haɗe da sunan gari, sai ga mutane birjik masu suna iri ɗaya. Abin da kawai ke raba su shi ne lambar soja, wadda ta 'yan Najeriya ke farawa da NA. Gidan da ya adana takardar sallama, aiki ya yi sauƙi. Gidan da gara ko gobara ko ƙaura ta ci takardar, sai dai abin da baki ya riƙe.

Shi ya sa na dage kan sunan uba da sunan gida. Takardun Turawa sun san lamba, mu kuma mun san ɗan wane ne, jikan wane ne. Abin da kundin nan zai yi shi ne ya haɗa su wuri guda.

18 ga Oktoba

Malamin da ke karantar da manya a zauren bayan masallaci ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya bar ni na zauna, sannan ya ce ya ji abin da muke yi, kuma yana da magana.

Ya ce rundunar da muke son karramawa ita ce ta fasa ganuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli. Ita ce kuma ta share ƙauyen Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906. Turawa 'yan kaɗan ne a ciki, masu riƙe da bindigogin 'ya'yan ƙasar nan ne, Hausawa da yawa a cikinsu. Kakanninsa na cikin waɗanda suka bi hijira gabas, wasu ba su dawo ba har yau. Ya ce, "Malam, ka gaya mini, wannan kakin za ku ɗaga?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, duk abin da ka faɗa haka yake."

Kuma haka ɗin yake. Asalin sojan Najeriya kansa daga 1863 ake ƙirga shi, lokacin da wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko, akasarinsu bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga. Daga wannan tushe aka zo ga rundunar da Lugga ya ci ƙasar Arewa da ita. Ba zan ɓoye wannan ba don kundin ya yi daɗin karatu.

Abin da na ce masa shi ne, mutanen da muke nema an haife su ne bayan an riga an ci ƙasar. Daga abin da iyalansu suka gaya mana, wani albashi ya kai shi, wani bashi ko haraji ya kore shi daga gida, wani kuwa dagaci ne ya nuna shi da yatsa don a cika adadin da aka ɗora wa ƙauye. An kai su bangon duniya, sun sha wuyar da ba su iya faɗa wa 'ya'yansu ba, an biya su ƙasa da abin da aka biya farar fata mai muƙami irin nasu, sun dawo sun zama masu gadi da masinjoji da direbobi. Ba mulkin mallaka muke yi wa biki ba. Sunayen iyayenmu muke tsoron su ɓace.

Ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce mu rubuta maganar 1903 a shafin farko, ba a ƙarshe ba, in mun yi haka shi zai jagoranci addu'a ranar taron. Na karɓa, kuma ina ganin sharaɗin nasa ya ƙara wa aikin nauyi. Daren nan na fara rubuta shafin.

11 ga Nuwamba

A da, yau ce ranar tunawa da mazan jiya a ƙasar nan, kamar sauran ƙasashe renon Ingila, kafin a mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Na bi da ɗalibaina ta gaban barikin Chindit na nan Zariya, inda ake horar da kurata, na tambaye su ma'anar sunan. Ba wanda ya sani. Sunan wata runduna ce ta Janar Wingate da aka sauke ta sama a bayan dagar Japanawa cikin 1944, kuma bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikinta. Haka Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Badun, Arakan da Tamandu da Myohaung a Legas, duk sunayen wurare ne a Boma. Har barikin Dodan, inda aka mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1991. Ɗalibina ya ce shi duk tsammaninsa "dodon bariki" ne aka karkata. Mogadishu ta Abuja kuma daga yaƙin da aka yi da Italiyawa a gabashin Afirka a 1941 ta samo suna.

Ƙauyukan Boma sun samu allo a ƙofar barikinmu, mutanen da suka taka su da ƙafa ba su samu ba. Daga cikin ƙananan sojojin wancan zamani, Chari Maigumeri ne ya samu bariki da sunansa, a Lakwaja. Shi ne wanda ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya koma ɓangaren Ingila, ya yi yaƙin Habasha da na Boma, ya kai babban samanja, ya yi ritaya a 1953.

29 ga Nuwamba

Wani gida a bayan kasuwa sun ƙi ba mu suna har sau biyu. Yau babban ɗan gidan, wanda shi ma ya haura saba'in, ya same ni a shagon tela ya ja ni gefe. Ya ce ba rowa suke yi ba. Mahaifinsu ya je Boma, amma bai riƙe bindiga ba, kaya ya ɗauka. Suna yara ana yi musu gori da cewa uban nasu ɗan dako ne ba soja ba, har shi tsohon ya daina zancen gaba ɗaya.

Na ce, "Baba, ka ba ni minti biyu." Na nuna masa alamar Runduna ta 82, ɗaya rundunar Afirka ta Yamma da ta je Boma, a waya: māsu biyu a gicciye, sun ratsa ta cikin gammo. Gammon ɗan dako, shi rundunar ta zaɓa ta sa a kafaɗar kowa, har Turawan da ke ba da oda.

Dalilin a fili yake. A irin wannan ƙasa mota ba ta zuwa ko'ina, alfadari ma akwai hawan da ke gagararsa. Rundunonin Afirka ta Yamma sun tafi da dubban mutanen da aka ɗauka soja, aka ba su lamba da kaki, aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsasai, sassan igwa, na'urar oba-oba, magani, da mutanen da aka jikkata. Su ne suka sa rundunar ta iya bin inda abokan gaba ba su zata ba. Harsashi kuwa ba ya tambayar wa ke riƙe da bindiga, ga matsattsaku, ga zazzaɓi, ga atuni, ga ruwan damina da ke wata da watanni bai ɗauke ba. Ni a ganina wanda ya haye waɗannan duwatsu da akwatin harsasai a ka, ana harbinsa ba shi da abin ramawa sai adda, babu wanda zai gaya masa jarunta.

Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon gammon. Sannan ya faɗi sunan mahaifinsa, da na kakansa, ya ce in rubuta da kyau. Mun yanke cewa a kundin ba za a raba shafin masu bindiga da na masu gammo ba.

20 ga Disamba

Hazo ya sauko, tsofaffi ba sa fitowa sai rana ta ɗaga, aiki ya ragu. Sunaye 23. Wayar ɗalibina ta faɗa ruwa da hirarraki uku a ciki, biyu mun sake ɗauka, na ukun mai shi ya kwanta rashin lafiya, muna yi masa addu'a. Daga yanzu duk hira a kwafe ta wuri biyu a ranar.

Ɗalibata ce ta buɗe mana ƙofar da mu maza ba mu iya shiga ba. A cikin gida ta sami wata Inna da ta kusa casa'in, wadda mahaifinta ya tafi tana goye. Bai dawo ba. A 1946, lokacin da ake ta sauke 'yan Boma a tashar jirgin ƙasa, mahaifiyarta ta yi ta aika ƙaninta ya duba, har aka daina zuwa. Ba gawa, ba wanda ya zo ya ce na ga mutuwarsa. Matar ta zauna shekaru ba ta san ko mai takaba ce ko matar aure ba, sai da alƙali ya raba auren. Inna ta ce ita ba ta san fuskarsa ba, abin da ta gada kawai shi ne sunan da aka ce Turawa sun rubuta masa.

A maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, kusa da Yangon, akwai ginshiƙan da aka zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda suka mutu a Boma ba a san kabarinsu ba, 'yan Afirka ta Yamma na ciki. Mun duba, mun sami mutum uku masu irin sunan nan. Ba mu da lamba. Ban yarda mu zaɓi ɗaya mu ce mata shi ne ba.

Mun ƙara gurbi a kundin: sunan matar da aka bari a gida, in iyali sun yarda.

3 ga Janairu, 2026

Wani ɗan'uwan tela da ke zaune a Sabon Zango na Ankara, babban birnin Gana, ya ji labari ya bugo waya. Ya ce su can kirarin rundunarsu har gobe da Hausa yake, "Kullum Shiri", hedikwatar sojan ƙasar kuma Burma Camp ake ce mata. Ya tuna mana 28 ga Fabrairu, 1948, ranar da tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna da takardar koke kan haƙƙinsu, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Kakansa daga nan unguwar ya tafi fataucin goro, can aka ɗauke shi soja. Ya tambaya ko yana da gurbi. Mun ce yana da shi.

15 ga Janairu

An yi. Bayan la'asar, a ƙofar gidan Mai Unguwa, kan tabarmi. Ba fareti, ba furanni. Na karanta shafin farko kamar yadda muka yi alkawari, Kano da Sakkwato da Burmi da Satiru. Sannan ɗalibata da ɗalibina suka riƙa karɓa-karɓa, suna 27, kowanne da sunan ubansa da gidansa. Duk sunan da aka kira sai ka ji "Allah ya jiƙansa" ta taso daga wani ɓangare, ka san nan iyalinsa suke. Dattijon gidan bayan kasuwa ya zo da jikokinsa duka, ya zaunar da su a gaba. Gwaggo ta ba ni aron ƙyallen gizo na sa a aljihu, da sharaɗin ya kwana a akwatinsa. Malam ya rufe da addu'a, ya haɗa da waɗanda suka faɗi a Burmi.

Ana watsewa wata mata matashiya da goyo ta tsaya a gefe har mutane suka ragu. Ta ce, "Malam, na Boma kaɗai kuke rubutawa?" Mijinta soja ne, ya rasu a bakin aiki a Arewa maso Gabas. Bayanta kuma ga wani tsoho da ya yi yaƙin basasa, yana dogara sanda, shi ma jira yake. Ban shirya wa wannan ba, kuma ya kamata a ce na shirya. Na karɓi sunayen biyu a bayan takardar da ke hannuna.

24 ga Janairu

Yau shekara 81 da shiga Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan, inda Runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu a Janairun 1945. Mun zauna a shago mun sake tsara aiki. Kundin zai zama kashi uku: Boma da Habasha, yaƙin basasa tare da aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango da Laberiya da Saliyo, sai na yanzu. Na yanzun ɗalibata za ta riƙe, don yawancin masu maganar zawarawa ne.

Kafin azumi muna so mu je Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House, mu nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun yaƙi. A nan Zariya aka fara buga ta a 1939, Abubakar Imam na edita, kuma ta cikinta mutanen gari ke jin labarin yaƙin. Tela ya ɗauki nauyin kuɗin mota. Har yanzu ba mu tsayar da ko allo za a kafa ko ɗan littafi za a buga ba, Mai Unguwa ya fi son allo, ni ina tsoron ruwa da rana.

Inna ta aiko jikarta da saƙo. Ta tuna cewa wata wasiƙa ta taɓa zuwa daga Indiya, da ajami, kuma ƙanin mahaifiyarta ne ya riƙe ta. Zuriyarsa na Giwa. In ambulan na nan, akwai yiwuwar lambar na jikinsa. Ranar Asabar mai zuwa da sassafe za mu tafi, jikar za ta raka mu don ta nuna gidan.